Iya Baturiya Ba Malama Ba Ce

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, baƙinmu da farinmu. Iya Baturiya ta Rayfield, unguwar Turawan kuza a Jos, ta rasu wata Talata da hantsi, tana zaune a kujerarta ta baranda, shayin da aka kawo mata bai ma huce ba. Kukunta ne ya hau keke ya kawo mana labarin a unguwarmu, Kwararafa.

Na daɗe ina juya alƙalami kafin in fara wannan rubutu. Ban tabbata ko ya dace Musulmi ya rubuta ta'aziyyar wadda ba addininsu ɗaya ba. Na tambayi malamai biyu, kowanne ya ba ni amsa daban. Saboda haka ba zan shiga abin da ban sani ba. Zan faɗi abin da na gani, da abin da na yi, sauran na bar wa Allah.

A cocin da aka yi mata addu'a, Turawa ba su cika benci uku ba. Yawancin waɗanda suka san ta sun riga sun tattara sun koma ƙasarsu tun da maganar mulkin kai ta yi ƙarfi. Mutanen da ke tsaye a waje sun fi na ciki yawa. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwa ta kama hannuna tana kuka, tana faɗi da irin Hausarta:

"Malama ya tafi! Yanzu wa zai zo ya zauna a rumfana ya hana ni ciniki?"

Ɗan Ibon da ke gyara mata mota kuwa ya cire hularsa ya ce, "Oga ticha, sai haƙuri. Motansa ya tsufa, shi ma ya tsufa, amma ko sau ɗaya bai yi min ihu ba."

A gidanmu Inna, mahaifiyata, ta sa aka shimfiɗa tabarmi, ta yi zaman makoki na kwana uku kamar wadda 'yar'uwarta ta ciki ɗaya ta rasu. Baffa, wan mahaifina, ya tsaya a ƙofar zaure yana tambaya ko yanzu har Nasara ake yi wa zaman makoki. Inna ta amsa masa daga bayan asabari, muryarta ƙasa-ƙasa:

"Yaya, ranar da ƙaninka ya rasu, ita ta riga ka isowa."

Baffa ya shiga zaure ya zauna, ya karɓi gaisuwa tare da ni.

Duk wanda ya shigo abu ɗaya yake faɗi: "Allah sarki, Malama." Kowace faɗa sai in ji kamar an tsikare ni da allura, domin Iya Baturiya ba ta taɓa koyarwa a makaranta ba ko na yini ɗaya. 'Yar wasan kwaikwayo ce. Shekara arba'in ta yi tana wannan sana'a a ƙasarsu, a kan dandali da cikin fim. Ni ne na mayar da ita malama, kuma gyaran wannan ne ya sa na zauna rubutu.

Ga yadda abin ya faru. Mahaifina shugaban leburori ne a wani ramin kuza, mijinta kuwa injiniya ne a wurin. Da mijin ya rasu, mahaifina na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Shekara na zagayowa shi ma ya bi. Ina hutu daga kwalejin da nake karatu a Kudu sa'ad da aka yi rasuwar. Muna zaune sai ga tsohuwar Baturiya, doguwa, da baƙar riga, ta cire takalmi a ƙofa ba tare da kowa ya gaya mata ba, ta durƙusa gaban Inna. A lokacin ba ta jin Hausa, sai aka kira ni in yi tafinta.

Bayan gaisuwa, Inna ta ce a tambaye ta me take yi a ƙasarsu kafin ta zo. Na tambaye ta. Ta miƙe wuya, fuskarta ta yi haske, ta gaya mini. Na dubi tsakar gida: ga matan unguwa cike, ga matar liman, ga Baffa da isowarsa ke nan yana leƙowa daga zaure. A wurinmu, mace mai hawa dandali tana wasa gaban maza, kowa ya san jerin da ake sa ta. Na ji tsoro a wulaƙanta ta. Wataƙila kuma, in zan faɗi gaskiya, na fi jin tsoro a ce ga irin mutanen da ɗan boko yake jawowa gidan ubansa. Sai na ce:

"Ta ce malama ce. Tana koya wa mutane iya magana."

Matar liman ta ce, "Madalla, ga alama nan." Sunan ya zauna daga ranar.

Tun daga nan ta riƙa zuwa gidanmu kowace Alhamis. Inna na kiranta Yaya, mu kuwa Iya. Hausarta a kasuwa ta koye ta, ba ta raba mace da namiji. Tana shigowa sai ta ce, "Ina ƙanena? Ya ci abinci?" Inna take nufi. Ƙanwata, wadda ke aure a Tudun Wada, ta yi ta gyara mata har ta gaji ta bari.

Abin da na sani game da sana'arta daga bakinta na ji shi, sai kuma wani akwatin hotuna da guntayen jaridu da ta bari. Ba ni da hanyar tabbatar da komai, amma ban taɓa kama ta da ƙarya ba. An haife ta a wani garin bakin teku a arewacin Ingila. Ubanta mai sayar da kifi ne, shi ya sa har ta mutu ba ta cin kifi. Tana da shekara sha bakwai ta bi wata ƙungiyar 'yan wasa masu yawo a jirgin ƙasa, kowace Lahadi sabon gari. Shekara biyu aikinta ɗaya ne: ta shigo da faranti a matsayin 'yar aikin gida, ta ce abinci ya sauka, ta fita. Ta ce kullum da irin yadda take faɗin maganar, yau kamar wadda aka mara, gobe kamar wadda ta tofa yawu a miyar, har mai ƙungiyar ya gaji ya ba ta babban wuri don ta daina sace masa idon 'yan kallo.

Daga nan ta kai Landan. Ta yi sarauniya, ta yi mahaukaciya, ta yi matar da ta sa wa mijinta guba. Ta shiga fim tun ba ya magana, lokacin da ake shafa musu wani abu rawaya a fuska, fitilu kuma su sa ido ya kwana yana ruwa. Da fim ya fara magana, 'yan wasa da yawa sun rasa aiki, ita muryarta ta cece ta, sai dai shekaru sun ja, daga uwar wani sai mai gidan haya ake ba ta. Takan ce, "Na mutu a dandali ya fi sau ɗari, ba wanda ya taɓa zuwa mini ta'aziyya."

Ɗa ɗaya ta haifa, da mijinta na fari. Ya tafi yaƙin duniya a jirgin ruwa, bai dawo ba. Wayar labarin rasuwarsa ta same ta da rana, saura kaɗan a ɗaga labule, wasan kuma na ban dariya ne. Ta shiga ta yi. Sau ɗaya ta ba ni wannan labari, ta ce, "Ranar suka fi yin dariya. Ban yafe musu ba, ban kuma yafe wa kaina ba." Bayan yaƙi ta auri injiniyan nan, ta biyo shi Jos. Da ya rasu aka ce ta koma gida, ta ce shekara arba'in tana ɗaure kaya kowane mako, ba za ta sake ɗaure wani ba.

Ko da ta bar sana'ar, sana'ar ba ta bar ta ba. Abin da ke kai ta rumfar mai atamfa ke nan: ta zauna ta yi ta kallon ƙafafun masu wucewa. Ta ce mutum daga tafiyarsa yake farawa, in ka iya tafiyarsa, muryarsa za ta zo da kanta. Takan nuna mini wani ta ce, "Wancan takalmin aro ne a ƙafarsa," ko "Waccan ta yi faɗa da miji da safe, kuma ita ta yi nasara." Nakan ce wataƙila, amma ba a yanke hukunci da gani ɗaya. Sai ta yi dariya ta ce da ni likita ne, da majinyaci ya mutu ina auna maganata.

Da Hausarta ta nuna, ta gane abin da na yi. Wata rana na raka ta mota, ta tsaya ta ce:

"Me ya sa kowa yake ce mini malama?"

Na fara bayani a kan bambancin al'adu, da yadda wasu kalmomi ba su da takwara. Ta bar ni na yi nisa sannan ta ce:

"An jefe ni da ruɓaɓɓen ƙwai a garuruwa uku. An rubuta a jarida cewa in koma sayar da kifi. Amma ba wanda ya taɓa jin kunyata sai kai."

Ta shiga mota, ta leƙo ta taga ta ce, "To, zan yi malamar. Na taɓa yin ta sau biyu, ba wuya." Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin yarda, don haka ya fi mini sauƙi.

Sau ɗaya na san sun ɓata da Inna, kuma a kaina ne. Ni ne ɗan fari. Kamar yadda kowa ya sani, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zuba masa ido, ba ta nuna shi ne a ranta. Inna ta riƙe wannan da ƙarfi, "wancan" take ce mini, in tana da saƙo ta ba ƙanwata ko da ina tsaye a wurin. Ranar da na dawo da digirina unguwa ta cika da guɗa, Iya Baturiya ta rungume ni gaban kowa, Inna kuwa tana gindin turmi tana tsince acca, ko kai ba ta ɗaga ba. Sai Iya ta juya kanta, fuska ja wur:

"Kai wane irin uwa ne? Ɗanka ya dawo, kana duba acca! Nawa bai dawo ba!"

Inna ta ajiye faifai ta ce, "Yaya, ba a yin haka a gidan mutane." Ta shige ɗaki.

Alhamis huɗu Iya ba ta zo ba. Na hau keke na je Rayfield, na zauna na yi mata dogon bayani a kan kunyar ɗan fari, har da misalai daga wasu ƙabilu. Ta ce, "Ba lacca nake so ba. Bari in kalla da idona." Ta dawo da kwandon dankalin Turawa daga lambunta, Inna ta zuba mata gwate, ba wadda ta ambaci abin da ya wuce. Ta canza lokacin tafiyarta, ta riƙa jira sai na dawo daga makarantar da na fara koyarwa. Bayan mako uku ta ce mini:

"Tun kekenka na kwanar masallaci take jin sa. Hannunta yakan tsaya. Ba ta dubanka, amma ba ta taɓa zama inda ba za ta ga inuwarka ba. Yin kuka ba wuya, kowace yarinya ta iya. Riƙe shi ne aiki. Shekara arba'in ina koyo, ga wadda ta fi ni."

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. A bara, kafin saukar damina, wani tsohon fim da ta fito a ciki ya iso Jos, cikin waɗanda ake zagayawa da su kulob-kulob na Turawan kuza. Mai gidan haya ta yi a ciki. Ta zo mini da saurinta har tana haki, ban taɓa ganinta haka ba. Ba a barin baƙin mutum ya shiga kulob ɗin, ita kuma ta ce ba za ta je ta kalla ita kaɗai ba, ai ta san abin da ke ciki. Inna take so ta gani. Mai kula da fim ɗin ya yarda ya ba ta aronsa ranar Asabar, kafin jirgin Litinin ya wuce da shi. Gidanta akwai lantarki, za a rufe tagogi da barguna. Abu ɗaya ya rage: injin majigi. Akwai ɗaya a makarantarmu, kuma ni aka koya wa sarrafa shi. Abin da ake bukata kawai in nemi izinin hedimasta.

"Sau ɗaya," in ji ta. "Ƙanena ya gan ni ina aiki sau ɗaya."

Na ce in Allah ya yarda, zan duba.

Kwana biyar nake da su. Na rubuta takardar neman izini sau huɗu. Ta farko na ga ta yi tsawo. Ta biyu na ga ban bayyana amfanin abin ga ilimi ba. Ina cikin shekarar gwaji, ba a tabbatar da ni a aiki ba, na yi ta tunanin in ƙwan injin ya ƙone fa, in aka ce na kai kayan hukuma gidan wani fa. Ban kuma san abin da ke cikin fim ɗin ba. In akwai rawa fa, ko rungume-rungume, ga Inna zaune? Sannan in ta gani za ta san na yi mata ƙarya shekara da shekaru, labari zai kai kunnen Baffa, a lokacin kuma shi ke nema mini aure a gidan wani malami. Kowane dalili da na kawo wa kaina yana da ƙamshin gaskiya, har yau ba zan ce duka banza ne ba. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar ofishin hedimasta da takarda a aljihu. Ya ɗago ya ce, "Malam, da magana?" Na ce a'a, gaisuwa ce.

Da safiyar Asabar na je na gaya mata ba a samu ba. Na tarar ta riga ta rataya bargunan, ta jera kujeru uku, ta sa wata rigar da ban taɓa gani ba. Ta dube ni daga ƙafa zuwa kai. Mace ce da ke gane takalmin aro daga nesa, ban yi zaton na ɓoye mata komai ba. Ta ce:

"Ba komai, malam. Ƙaramin wuri ne, bai fi minti goma ba. Taya ni sauke bargunan nan, hannuna ba ya kaiwa."

Na taya ta. Ta ba ni shayi. Jirgin Litinin ya tafi da fim ɗin, ita kuma damina ɗaya ta ƙara gani.

Bayan an share makoki na kasa zama da abin. Wata safiya na shiga cikin gida, Inna na gyaran alayyafo, ƙanwata na wanke-wanke. Na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba, na ce wa ƙanwata ta gaya wa Inna ina da laifin da nake so in faɗa. Na faɗi duka: tafintan ƙarya, da sana'arta ta gaskiya, da fim, da takardar da ban miƙa ba. Na ce ni na hana Inna ganin aikin ƙawarta, kuma yanzu ba gyara.

Ƙanwata ta tsame hannu daga ruwa ta zuba mini ido, sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Haba Yaya! Kai a ganinka me muke yi ran Alhamis in ka tafi makaranta? Karatu?"

Na ce ban gane ba.

"Tun shekararta ta biyu da fara zuwa. A sa sakata a ƙofar gida, ta ɗaura zanen Inna, ta yi mana mai atamfa tana rantsuwa a kan kuɗin yadi. Ta yi mana Baffa yana shiga zaure. Matar liman har sai da ta riƙe ciki ta ce a taimake ta. Mai gidan hayar ma ta yi mana ita, ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan Asabar ɗinka, daga farko har ƙarshe, ita ce mai gida, ita ce ɗan haya."

"To me ya sa kuke ce mata malama?"

"Ita ta ce a bar maka abinka, kada ka ji kunya."

Ashe duk matan lungunmu sun ga abin da mutanen Landan suka biya kuɗi suka gani. Ni kaɗai, mai digiri, mai jin harshenta, ban taɓa gani ba.

Ƙanwata ta share ido ta ce, "Amma wanda ta fi iyawa kai ne. Yadda kake jingina keke, ka koma ka duba ko ya jingina. Yadda kake gyara hula kafin ka ce wataƙila."

Na ce ta nuna mini. Ta tashi, ta yi taku biyu, ta kai hannu ka, sai ta tsaya ta girgiza kai ta ce ba haka ba ne, ba wanda zai iya.

A nan Inna ta yi magana. Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin alayyafo, kuma da ƙanwata take:

"Gaya wa wancan ya daina wahalar da kansa a kan majigi. Ni ce nake roƙonta ta yi mini shi wancan ɗin, kowace Alhamis, a ƙarshe in mata sun watse. Ta shigo, ta jingina keke, ta zauna a gabana. In kalle shi har in ƙoshi."

Ta ɗauki ƙwaryar ta shiga madafa. Ƙanwata ta koma kan wanke-wankenta. Na jima a durƙushe, domin ba wanda ya ce in tashi.